Yadda Na Ci Gardama Gwaggo Ta Kusa Rasa Ɗorawa Bakwai

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da lambar wayar matata, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bazara ba. Ranar ce na ci gardama mafi tsafta da na taɓa ci tun da na fara buɗe baki, na kuma koma gida ina cewa ina ma an kayar da ni tun a wajen gaisuwa.

Bari in faɗa muku ko ni wane ne, don kada ku ɗauka jahilci ne ya jawo. Jahilci ba ya iya irin wannan aikin, sai an yi karatu. Ni malami ne a wata kwaleji can wajen Rijiyar Zaki, ina koyar da falsafa da manɗiƙi, kwas ɗin da yara ke ce wa Lojik. Kwas ne na dole, shi ya sa ajina kullum a cike yake, ba don farin jinina ba. Kafin in dawo Kano na ɗan yi yawo. Na koyar a Yola, na yi Lokoja, na yi shekara biyu a Damagaram, har Kumasi na taɓa zuwa taro na yi jawabi. Duk inda na sauka sai ka ji ana cewa, "Malam ya iya magana." (Sai daga baya na gane ba kullum ba ne wannan yake zama yabo.)

Abin da nake koyarwa ba wuya gare shi ba. Ka kafa jimla ta farko, ka kafa ta biyu, in an yarda da su biyun to dole a yarda da abin da suka haifa. Duk akuya tana cin dusa, wannan dabbar akuya ce, saboda haka tana cin dusa. Shi ke nan. Daga nan sai in koya musu dabarun da mutane ke yin maguɗi da su a gardama, kamar ka bar magana ka koma sukar mai maganar, ko ka rasa dalili ka koma neman a ji tausayi, ko ka ga an kusa kama ka sai ka canza ma'anar kalma a tsakiyar hanya. Akwai kuma gargaɗin da nake yi wa kowane aji, ina yi ina buga allo da alli: "Kafin ka ce duk, ka waiwaya ka ga su wa da wa duk ɗin nan za ta kwasa."

Ku riƙe wannan gargaɗin. Ni ban riƙe ba.

A shekarar da nake ba ku labari akwai wani ɗalibi a ajina, Sadik, mai zama a baya kusa da taga. Wata rana ina tsakiyar bayanin akuya ya ɗaga hannu.

"Malam, don Allah tambaya. Wannan abin, in mutum ya gama makaranta, a ina ake amfani da shi?"

Aji ya yi dariya. Ni ma na yi, irin wadda ake yi da haƙora kawai. Na ce masa ko'ina ake amfani da shi. Ya ce, "Kamar ina?" Na ce ya zauna. Amma maganar ta bi ni har gida, ta ci tuwo da ni.

A ƙarshen makon na tafi garinmu gaida Gwaggo Hanne. Garin namu yana arewa da birni, in ka wuce Dawanau ka ƙara gaba sai ka saki kwalta. Wuri ne da gona ke jingine da gona, ba daji ko taku ɗaya, layin gamba ne kawai ke nuna inda taka ta ƙare ta maƙwabci ta fara. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai ni makarantar kwana, tun daga nan zuwana garin bai wuce na gaisuwa da ta'aziyya ba. Amma in kun ji ni a birni ina maganar ƙauye, za ku rantse da fartanya aka haife ni.

Gwaggo Hanne ƙanwar mahaifina ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, sana'arta daddawa. Da ita take ci, da ita take sutura, da ita take biki da suna. Duk tafiyar da zan yi sai ta ƙulle min a leda uku ta cusa a jakata. Daddawar Gwaggo ta je Yola, ta je Lokoja, ta kuma sa wani jami'i a kan iyaka ya buɗe jakata ya rufe da sauri ya ce in wuce Allah ya kiyaye hanya. Shekara kusan arba'in ina cin daddawar nan, ban taɓa tambayar daga wace bishiya kalwar take fitowa ba.

Na same ta a tsakar gida tana wanke kalwa, fuskar nan a ɗaure.

"Gwaggo, lafiya?"

"Jatau ne mana. Wa ke ɓata min rai in ba Jatau ba?"

Baba Jatau maƙwabcinta ne a gona. Gidansu yana unguwar da ke ƙetaren rafi, mutanen da kakanninsu ke kan addinin gargajiya, yanzu yawancinsu suna zuwa coci. Shi da Gwaggo sun fara faɗa tun kafin a haife ni. Da Sallah ta aika masa tuwo da miyar taushe, da Kirsimeti ya aiko mata da zabi biyu, a tsakani kuma su ci gaba daga inda suka tsaya.

"Ɗorawarsa ɗin nan da ke cikin gonata ta yi rassa," in ji ta. "Bara inuwa ta kashe min gyaɗa kunya shida. Na ce a rage reshe biyu, ya ce sai an gama ɗiban 'ya'ya. Kullum sai an gama."

Na ajiye kofin ruwan da ke hannuna. "Ɗorawarsa? A cikin gonarki?"

"E mana. Ai abin da ya sa..."

"Gwaggo, kada ki wahalar da kanki. Na gane."

"Tsaya ka ji, yaron nan." (Ina da furfura a gemu, amma a wajen Gwaggo har gobe yaron nan ne.) "Ai ba ita kaɗai ba ce, akwai..."

"Gwaggo, wannan fannina ne. Ki bar min."

Ta dube ni, ta dubi kalwarta, ta ce, "To." Irin "to" ɗin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya sake tambaya.

Ni kuwa a lokacin ba Gwaggo nake gani ba, Sadik nake gani. Ga amsar tambayarsa Allah ya kawo har gida. Na wuce wajen mai unguwa na roƙe shi a zauna Asabar mai zuwa a kan maganar, na ce zan zo da baƙi daga kwaleji su ga yadda ake warware rikici da hujja. Mai unguwa mutum ne mai son zaman lafiya da son baƙi. Ya ce, "Malam, maganar reshe biyu har sai an zo da baƙi?" Na ce ai ba maganar reshe ba ce, maganar ƙa'ida ce. Shi ma ya ce, "To."

Ranar Asabar na cika bas da ɗalibai goma sha takwas. Tun daga Dawanau nake lacca ina juyowa daga kujerar gaba, har direba ya rage rediyo, ban sani ba ko don girmamawa ko don ya ji inda zan ƙare. Na ce su buɗe ido su ga yadda mutanen karkara ke riƙe da al'ada ba tare da sun taɓa tambayar dalilinta ba. Na ce kowa ya fito da littafi, duk maguɗin gardama da ya ji an yi ya rubuta sunansa, akwai maki. Wata ɗaliba, Rukayya, wadda ba ta cika magana a aji ba amma ko tari na yi sai ta rubuta, ta ce, "Malam, ko waye ya yi?" Na ce, "Ko waye."

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin ita ɗorawar da ake magana a kanta. Bishiya ce ƙatuwa, 'ya'ya sun nuna suna reto. Mai unguwa ya zauna da dattawa uku. Gwaggo ta zauna gefe da mayafinta. Mutanen gari da suka ji an zo da bas suka taru, wasu da fartanya a kafaɗa daga sharar gona. Sai ga Baba Jatau yana tafe da sanda, dogon tsoho siriri, da ɗansa Bulus a baya, magidanci mai 'ya'ya biyar wanda shi ke riƙe da noman gidan yanzu.

"Hanne," in ji Baba Jatau, "a kan reshe biyu kika kira min gwamnati?"

"Ni ban kira kowa ba. Kai da son jan magana kamar tsohuwar akuya."

"Akuyar da ke ba ki zabi."

"Zabin da duk ƙashi ne."

Mai unguwa ya yi gyaran murya, aka yi addu'a kowa ta hanyarsa. Baba Jatau ya ce shi bai ga abin zama ba, nan da kwana ashirin an gama ɗiba, Bulus zai hau ya sare reshen. Wallahi da na yi shiru a nan, da an sha ruwa an watse. Gwaggo ma har ta fara gyara mayafi za ta tashi.

Sai na miƙe. Babbar riga ce a jikina, shuɗiya, mai aiki.

"Ranka ya daɗe, a ba ni dama in yi wa Baba tambayoyi kaɗan."

"Bismillah, Malam."

"Baba Jatau, wannan gonar da muke zaune a cikinta, ta wace ce?"

"Ta Hanne ce."

"Gyaɗar da ta fito a cikinta bara, ta wace ce?"

"Wadda ta fito ɗin? Ta Hanne ce. Ba ta da yawa dai."

"Ciyawar da ta tsiro a ciki fa, wa ke da ikon yanka wa tumakinsa?"

"Hanne."

"Me ya sa?"

"Ai ƙasarta ce."

Na juya na dubi ɗalibai, na ɗaga gira. Biro sai gudu yake a kan takarda.

"To ashe mun yarda cewa duk abin da ya tsiro a ƙasar mutum, yake shan ruwan ƙasar, yake cin takin ƙasar, na mai ƙasar ne."

Gwaggo ta ce, "Yaron nan."

"Gwaggo, ina zuwa."

Baba Jatau ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. "Malam, duk ka ce?"

"Duk."

"Duk duk? Har itace?"

"Baba, ƙa'ida ba ta duban fuska. In ta yi aiki a kan gyaɗa, dole ta yi aiki a kan itace. In ba haka ba son rai ne, ba ƙa'ida ba."

"Ko a gonar wa?"

"Ko a gonar wa."

"Yaron nan!" in ji Gwaggo, wannan karon da ƙarfi.

Na ɗaga mata hannu. Gwaggon da ta goya ni, na ɗaga mata hannu kamar ɗan sandan kan titi. Na ƙarasa aikina: duk abin da ya tsiro a gonar mutum nasa ne, wannan ɗorawa ta tsiro a gonar Gwaggo Hanne, saboda haka ɗorawar ta Gwaggo Hanne ce, reshe da 'ya'ya da saiwa. Na ce in akwai mai ja ya fito.

Baba Jatau ya gyaɗa kai, ya ce, "Na yarda."

Ban tsaya nan ba. Na ce ya maimaita a gaban mai unguwa da shaidu, don kada gobe a ce ba a yi ba. Ya maimaita, har da ɗaga sanda. Ɗalibai suka yi tafi. Sadik ma ya tafa. Na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har dunduniya, na fara tunanin yadda zan ba da labarin a ɗakin malamai ranar Litinin.

A nan na lura ɗalibaina kaɗai ke tafi. Mutanen gari duk sun juya suna kallon gabas.

Baba Jatau ya tashi a hankali, ya juya shi ma, ya miƙa sandarsa wajen gonarsa da ke bayan layin gamba. Akwai bishiyoyin ɗorawa a jere a cikinta, manya, sun fi wadda muke ƙarƙashinta cika.

"Ɗaya," in ji shi. "Biyu. Uku. Waccan mai karkata, huɗu. Biyar. Shida. Ta bakin rafi, bakwai." Ya sauke sanda. "Hanne, na gode. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Karatu ya yi rana."

Na dubi Gwaggo. Ta zame daga tabarma ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka.

Mai unguwa ne ya tausaya min ya yi bayani, a hankali, kamar mai gaya wa mara lafiya sakamakon asibiti. Bishiyoyin nan bakwai da ke cikin gonar Baba Jatau na Gwaggo ne. Daga su take samun kalwar da take daddawa. Duk daddawar da na ci a Yola da Lokoja da Kumasi daga gonar Baba Jatau ta fito. Na karɓo mata bishiya ɗaya, na bayar da bakwai, a gaban shaidu, kuma ni na nace a maimaita.

Da a ce Baba Jatau ne kaɗai, da na ce wasa yake. Amma Bulus ya matso gaba, kuma shi fuskarsa ba wasa.

"Ranka ya daɗe, an faɗa a gaban jama'a, kuma ba mu muka kawo maganar ba. Shekara uku ina so in sa tarakta a gonar nan, itatuwan nan sun hana. Inuwarsu tana cin min dawa fiye da yadda tamu ke cin gyaɗar Inna Hanne sau bakwai. In sun zama namu, kafin ruwa ya sauka zan kira masu injin yanka."

Wani daga cikin dattawa ya ce gaskiya an faɗa. Wani ya ce shi ma akwai tsamiyar wani a gonarsa, yana so a duba. Wani daga baya ya ce to kukar masallaci fa, a filin wa take? Cikin minti biyu na ga garinmu gaba ɗaya yana shirin tsagewa, kowa yana ƙirga itacen maƙwabci da ido.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Malam, hujjarka ta yi ƙarfi. Ni dai ban yi karatun da zan warware ta ba. In ta tsaya, ta tsaya a kan kowa. Sai dai in kai da ka ɗaura za ka kwance."

Na sake miƙewa. Babbar rigar nan ta yi min nauyi kamar an jiƙa ta.

"To, ranka ya daɗe, in aka duba da kyau, da na ce abin da ya tsiro, ina nufin abin da ake shukawa duk shekara, ba itace..."

"Malam ya ce har itace," in ji Baba Jatau. "Na tambaya sau biyu."

Daga bayana na ji muryar Sadik, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji: "Canza ma'anar kalma a tsakiyar hanya." Na ji ƙarar biro goma sha takwas.

Na share gumi. "Jama'a, ku dubi Gwaggo. Tsohuwa ce, ba miji, ba ta da wata sana'a sai wannan. In aka sare itatuwan nan me za ta ci?"

"Neman tausayi," in ji wata murya. Biro ya sake tafiya.

"Tsohuwa ce uwarka," in ji Gwaggo daga ƙasa. (Uwata kuwa ta girme ta a shekaru, saboda haka ko a nan hujjarta ta fi tawa.)

Nan fa raina ya ɓaci, na juya kan Bulus. "Kai kuma Bulus, kowa ya san tun kana yaro kwaɗayi gare ka, ba don tarakta..."

Rukayya ta ɗaga hannu. A gona, a ƙarƙashin bishiya, ta ɗaga hannu kamar muna aji.

"Malam, wannan shi ne barin magana a soki mai magana, ko? Ka ce ko waye."

"Rubuta," na ce. Me zan ce?

Uku ke nan cikin minti biyar. Duk zangon karatun ban taɓa samun misalai masu kyau haka ba. Na tsaya a tsakiyar fili ina ta gyara hannun babbar riga. Mutumin da ya yi jawabi a Kumasi. Wata akuya ta zo ta tsaya kusa da ni tana cin ɓawon ɗorawa, ko dusa ba ta nema ba.

Rukayya ba ta sauke hannunta ba. Amma ba ni take kallo ba.

"Ranka ya daɗe, ko zan iya tambayar Baba wani abu?" Mai unguwa ya ce ta tambaya. Ta ɗan rusuna. "Baba, don Allah yaya aka yi bishiyarka ta zo gonar Gwaggo, nata kuma suka je gonarka?"

Baba Jatau ya dube ta, ya koma ya zauna. "Yawwa. 'Yar nan, tun safe sai yanzu aka yi tambaya."

Ya ce gonar da yake nomawa yanzu ta kakana ce a da, mahaifin Gwaggo. Wata shekara kakana ya yi musayar gona da mahaifin Baba Jatau, don kowa ya samu wadda ta fi kusa da gidansa. Aka yi musayar ƙasa, amma ba a yi musayar itace ba, domin a garin nan ƙasa daban ake gadonta, itace daban. Kakana ya ce ɗorawa bakwai ɗin nan na 'yarsa Hanne ne, ko wa ta aura, ko ina ta zauna, kada ta rasa abin miya. Ita kuma wannan da muke ƙarƙashinta, mahaifiyar Baba Jatau ce ta raine ta tun tana tsiro, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki, shi ya sa ta zama tasu.

"Gyaɗa wata huɗu take yi," in ji shi. "Ɗorawa kuwa wanda ya raine ta ba shi ke cin moriyarta ba, sai jikoki. In ka ce duk wanda ya karɓi gona ya karɓi itace, wa zai sake wahalar rainon itace a garin nan?"

Rukayya ta juyo gare ni, da ladabinta. "To Malam, ashe jimla ta biyu daidai ce, hanyar ma daidai ce. Ta farkon ce ba gaskiya ba."

"Haka ne," na ce, ƙasa-ƙasa.

"Me ya ce?" in ji Baba Jatau, yana kama kunne. "Kunnen nan nawa ya tsufa."

(Mutumin da ɗazu ya ji "duk" daga taku goma.)

"Na ce jimlata ta farko ba gaskiya ba ce."

"A gaban mai unguwa da shaidu," in ji Baba Jatau, "don kada gobe a ce ba a yi ba."

Na gyara tsayuwa, na fuskanci mutanen garinmu da ɗalibaina da direban bas da ya baro motarsa ya zo kallo, na ce da ƙarfi: abin da na faɗa ba haka yake ba, ban san yadda ake gadon itace a garin ubana ba, kuma ban tambaya ba.

Bulus ya fara cewa ai magana ta riga ta fita. Baba Jatau ya taɓa shi da sanda a gwiwa. "Kai, zauna. Wanda ya ɗaura ya kwance. In ka sare su, daddawar wa uwarka za ta sa a miya? Ta leda?" Bulus ya zauna, amma kallon da ya yi wa itatuwan nan ya nuna min na tayar da abin da ya daɗe yana kwance. Mai unguwa ya rufe zama da sauri, kafin mai tsamiya ya sake tunawa da tsamiyarsa.

Reshe biyun kuwa ba a sare su ba a shekarar. Gwaggo ta ce ba ta da fuskar da za ta sake tayar da maganar inuwa a gaban Bulus, shi da ke haƙuri da inuwa bakwai. Gyaɗarta ta sake mutuwa kunya shida. Wannan ita ce ribar da ta samu daga ɗan ɗan'uwanta mai digiri biyu.

Da za mu tafi ta fito da ƙullin daddawa a leda uku, kamar kullum. Na miƙa hannu. Ta wuce ni ta ba Rukayya.

"Ungo, 'yata. Ke kina jin magana." Sannan ta dube ni sama da ƙasa. "Sau uku ina ce maka tsaya ka ji."

"Sau huɗu ne, Gwaggo."

"Au, ashe kana ƙirgawa."

Muka shiga bas muka kama hanyar birni. Direba bai kunna rediyo ba. Muna dab da Dawanau sai Sadik ya yi gyaran murya daga baya.

"Malam."

"Na'am."

"Yanzu na ga inda ake amfani da shi."

Ban juya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ajin nan ya ci jarrabawa fiye da duk ajin da na taɓa koyarwa. Na tambaye su su kawo misalin hujjar da tsarinta daidai ne amma ta rushe saboda jimlar farko. Mutum goma sha takwas suka rubuta labarin ɗorawa, wasu har da zanen bishiya, ɗaya har da zanen mutum mai babbar riga. Dole na ba su maki. Waɗanda ba su je ba ma sun rubuta, don labari ya riga ya zaga kwaleji.

Har yanzu ina koyar da kwas ɗin, har yanzu ina buga allo in ce kafin ka ce duk ka waiwaya. Sai dai yanzu ba na buga shi da ƙarfi sosai. Na kuma ƙara wani abu da babu shi a manhaja: in tsohuwa ta ce maka tsaya ka ji, to ka tsaya ka ji, wataƙila jimlarka ta farko ce take so ta gyara maka.

Gwaggo ta dawo da ba ni daddawa bayan shekara guda, leda ɗaya maimakon uku. Baba Jatau kuwa, duk ranar da na je gari ya hango ni, sai ya ɗaga sanda daga cikin gonarsa ya yi kira, yadda duk masu noma a kewayen za su ji:

"Malam! Yau ba ka zo mana da ƙa'ida ba? Akwai wata kuka can da nake so!"